Mu San Da Wa Kwamfutarmu Ke Magana

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in jawo hankalinmu a kan wani abu da ya kamata a ƙara mana a darasin kwamfuta. An koya mana buga rubutu, an koya mana zana jadawali, mun kuma iya shiga intanet. Amma kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin da wa da wa na'urar da ke gabansu take magana a wannan lokaci. A ganina wannan giɓi ne babba, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Kowace kwamfuta da ke kan intanet kamar gida take. Tana da adireshi, tana kuma da ƙofofi masu lamba, daga 0 har zuwa 65535. Wasu ƙofofin an san aikinsu ko'ina a duniya. Ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake neman shafukan intanet, ta 25 ta wasiƙa ce, ta 22 kuwa ta mai son sarrafa na'ura daga nesa. Idan aka haɗa adireshi da lambar ƙofa, shi ne abin da masana ke kira soket. Duk wata hira tsakanin na'ura biyu, soket biyu ne suka riƙe ta, ɗaya a nan, ɗaya a can.

To, yaya mutum zai ga waɗannan ƙofofi? Sai ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, wanda yawancinmu ke tsoro. A kan Windows ya rubuta netstat -ano. A kan Linux ya rubuta ss -tunap. Nan take jeri zai fito, kowane layi da adireshin gida, da adireshin baƙo, da halin da ake ciki. In ka ga LISTEN ko LISTENING, ƙofa ce a buɗe ana jiran mai sallama. In ka ga ESTABLISHED, baƙo ya shigo ana cikin hira. TIME_WAIT kuwa an yi ban kwana, ana ɗan jira kafin a manta da zancen. A ƙarshen layi akwai lambar manhajar da ta buɗe ƙofar, don haka ba mai ɓoye kansa cikin sauƙi. Akwai kuma lissafi: netstat -e yana nuna yawan abin da ya shiga da wanda ya fita, ss -s kuma yana taƙaita adadin hanyoyin da ke buɗe. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1983 netstat ke cikin tsarin BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, wato ya girme mu nesa ba kusa ba.

Dalilina na farko shi ne tsaro. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta ƙofa ta 445 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris, amma da yawa ba su sa ba. A 2016 ma wata mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin raba intanet ta ƙofa ta 23, saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da aka sayar da su da ita ba. Wanda ya saba duba ƙofofinsa, shi ne zai tambaya: wannan fa, wa ya buɗe ta, kuma me ya sa?

Dalili na biyu ya shafi aljihun iyayenmu. Da guminsu suke sayen data, amma sau da yawa sai ta ƙare ba a san inda ta tafi ba. Ɗalibin da ya iya karanta wannan jeri zai iya nuna wa mahaifinsa manhajar da ke hira da waje alhali ba wanda ya aike ta.

Na san wasu za su ce koya wa yara irin wannan abu buɗe musu hanyar damfara ne, ko kuwa za su lalata na'urorin makaranta. Ina ganin girmansu, amma ban yarda ba. Umarnin da na ambata kallo kawai suke yi, ba sa goge komai, kuma ƙofofin na'urarka kaɗai suke nuna maka, ba na maƙwabci ba. Maigadin da ke bakin ƙofar makarantarmu yana rubuta sunan mai shiga da mai fita, shin wannan ya mai da shi ɓarawo?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, jerin ba ya faɗin komai da komai. Ba ya nuna abin da ake faɗa a cikin hirar, kuma yawan layuka ba shi ne alamar ɓarawo ba, don shafi ɗaya kan buɗe hanyoyi masu yawa. Ita kanta ƙofa ta 445 za ka gan ta a buɗe a kwamfutoci da yawa masu lafiya, domin ta nan ake raba fayil. Saboda haka ne ma muke bukatar malami, kada mu ga inuwa mu yi ihu.

Daga ƙarshe ina roƙon hukumar makaranta da malamanmu su ware mana ko da darasi biyu a kowane zango don wannan aiki. Ba ya bukatar sayen sabon kaya ko kobo ɗaya, yana nan cikin na'urorin da muke da su. Ku kuma 'yan'uwana, ranar da muka shiga ɗakin kwamfuta, mu nemi izinin malam mu buɗe baƙin allon nan mu duba. Gani ya kori ji.

Daga wani ɗalibi, aji biyu na babbar sakandare.