Nijar 'Yan'uwanmu Ne, To Mu Na Hausari Fa?

'Yan'uwa Hausawa mazauna Nguru da Gashuwa da kewaye, da ma waɗanda neman abinci ya kai su gaba. Yau ina so ne mu taɓa wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisa da bakin rumfa, amma da wuya ka ji an fito da ita fili, wato yadda tarihi ya ɗaure mu, mu da masu masaukinmu, har ya zamana wani lokaci ya yi mana rana, wani lokaci kuma ya hana mu motsi.

Bari in faro daga abin da kowa ya gani da idonsa. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mai da shi kan kujerarsa. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka shiga maganar yaƙi. A takarda ECOWAS tana da hujjarta, domin Nijar na cikin ƙasashen da suka amince ba za a ƙara lamuntar juyin mulki ba. Amma me ya faru? Sanatocin Arewa suka ce atafau, suka lissafo jihohi bakwai da ke kan iyaka, tamu Yobe a ciki, ranar 5 ga Agusta kuma Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja. A makon da Janar Tiani ya ƙi ganin manzannin ƙasashe, Sarki Sanusi ya shiga ya gan shi tare da Sarkin Damagaram, bayansa kuma malamai suka je. Ƙungiyar da aka kafa tun 1975, mai kuɗi da sojoji, wani abu da ya girme ta ya taka mata burki. Daga ƙarshe Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ƙungiyar a Janairu 2025.

Mu a nan ba sai an yi mana bayanin wannan abin ba. Mangawan Machina da Yusufari su ne Mangawan Gure da Maine Sorowa, ana aure tsakani, ana cin kasuwa ɗaya. Damagaram kanta ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa kafin ta yi ƙarfi. Layin da ya raba mu kuwa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a kan tebur, suka zo suka kakkafa masa alama tsakanin 1906 da 1908. Saboda haka a lokacin bakin kowa ya zo ɗaya, Bahaushe da Bamange da Babade da Bafillace: Nijar 'yan'uwanmu ne, Bature ne ya raba. Ni ma haka na ce, kuma har gobe ina kan bakana.

To amma mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Idan zumunci ya isa ya tsallake iyakar ƙasa da ƙasa, har ya hana yaƙi, me ya sa ya kasa tsallake titin da ke tsakanin unguwa da unguwa? Domin akwai wani layi da ya girmi na Bature, wanda har yau muke tafiya a kansa ba tare da mun lura ba.

Nguru tun wajen ƙarni na 17 mazaunin Galadiman Barno ce, wanda aka ɗora wa tsaron yammacin daular, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Da jihadi ya tashi a 1804, a wannan yankin wutarsa ta fara lasar Barno. Hadeja da Katagum suka koma ƙarƙashin tutar Sakkwato, ikon Galadima ya karye, a 1808 ma aka ci Birnin Gazargamu kansa. Shehu Laminu al-Kanemi ne ya tsayar da abin, kuma wasiƙun da suka yi ta musaya da Muhammadu Bello kan halascin yaƙar Barno suna nan a littafin Infaƙul Maisuri. Babu wanda ya gamsar da wani. Aka dai tsaya a inda ƙarfin kowa ya ƙare, kuma wannan wurin tsayawar shi ne kusan inda a yau za ka ga allon sallama da Jigawa in ka baro Birniwa za ka Nguru.

Su kuwa Badawa nasu labarin daban ne, kuma ya kamata kowane Bahaushen Gashuwa ya san shi kafin ya buɗe baki ya yi ƙorafi. Mutane ne da suka zauna tsakanin giwaye biyu, Barno ta gabas, Hadeja ta yamma, kowanne na kai musu hari. Dole ta sa suka haɗa kai suka yi wa Gogaram ganuwa. Sarkin Hadeja Buhari, wanda ya gagari Sakkwato da Kano, a yaƙin Bade ya gamu da ajalinsa a 1863. Sai a shekarun 1940 sarautar Bade ta baro Gogaram ta dawo Gashuwa. Mutanen da kakanninsu suka tsira ta hanyar rufe ƙofa, kada ka yi mamaki in jikokinsu suka tsaya tambayar wanda ke shigowa.

Daga nan sai jirgin ƙasa. Dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, alhali Maiduguri ba ta ga jirgi ba sai 1964. A duba wannan tazarar da kyau, shekara 34 ce. A cikinta Nguru ta zama bakin da arewacin Barno da gabashin Nijar ke fitar da gyaɗa da ƙaro da kanwa da ƙiraga da shanu da bandar kifi. Kanti-kanti na Turawa da na Kwara suka buɗe, kakanninmu suka biyo dogo daga Kano da Katsina da Daura da Gumel da Hadeja, wasu suka gangaro daga Damagaram. Nawa kakan ɗan koli ne, a jirgin ya zo, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Yau ga mazaɓar Hausari a Nguru, ga ta Sarkin Hausawa a Gashuwa, sunayen kaɗai sun isa shaida cewa ba jiya muka sauka ba.

Ka ga ke nan garin ya tashi da fuska biyu. Cikinsa yana yamma, wajen Kano, domin can kayansa suke tafiya, daga can suke zuwa. Takardarsa kuwa tana gabas. Bature ya bi tsohon layin nan ya sa mu a Lardin Barno. A 1967 muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 Barno, ranar 27 ga Agusta 1991 Yobe, ranar da aka yanki Jigawa daga Kano. Duk wanda ya zo yanka jiha sai ya ɗora wuƙarsa a kan tabon da yaƙin shekaru 200 ya bari. Ko hukumomin raya shiyya da aka kafa kwanan nan haka suka bi, Nguru tana ta Arewa maso Gabas, Hadeja tana ta Arewa maso Yamma.

Wanda bai san da wannan layin ba shi ne ruwa. Kogin Hadeja daga Kano yake tasowa, ya bi ta Hadeja, wani reshe ya shigo tafkin Nguru, sauran ya haɗu da na Jama'are kafin Gashuwa, ya wuce Gaidam har Tafkin Cadi. Kogi ɗaya ne, amma hukumar da ke kula da samansa tana Kano, mai kula da ƙasansa tana Maiduguri. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da manoman shinkafa da masunta suka saba da lokacinta ta rikice, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Sai a 2006 jihohi shida da kogin ya shafa suka zauna suka kafa asusun haɗin gwiwa a kansa. Shekara 32 bayan Tiga! Shi Babade mai su da Bahaushe mai saye ya kai Kano, kacalla ba ta tambayi asalin kowa ba kafin ta cinye musu abinci.

Yanzu mu zo kan wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. In ba ka da ita, babu shiga soja ko ɗan sanda, babu tallafin karatu, babu aikin gwamnatin tarayya. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma shi ɗin dai a sashe na 147 ya ce a ɗauko minista ɗan asalin kowace jiha, a sashe na 318 kuma ya ɗaura zama ɗan jiha a kan iyaye da kakanni. Wato da hannun dama ya ba ka, da na hagu ya karɓe. Alhamdu lillahi mu a nan ba mu ga irin abin da aka gani a Zangon Kataf a 1992 ko Jos a 2001 ba, kuma da yawa daga cikinmu suna samun takardar ba tare da wata wahala ba. Amma samu ne na alfarma, ya danganta da wanda ya san babanka. Ranar da gurbi ya yi kaɗan, ranar ake tuna cewa kakan wane a jirgi ya zo. In kuma yaron ya wanke ƙafa ya tafi garin kakan nasa, mai unguwar can ya dube shi ya ce bai san gidansu ba. Ya zama jemage ke nan. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya daɗe a wuri damar zama ɗan asali, surutu ya yi yawa har ya janye shi. Kowa a Najeriya yana son a buɗe masa ƙofar wani, babu mai son buɗe tasa.

Kada kuma mu ɗora wa masu gari laifin duka, domin tsoronsu yana da tushe. Shiga kasuwar Nguru ko ta Gashuwa ka kasa kunne, wane yare kake ji? Hausa ce ta cinye ko'ina. Akwai gidajen Mangawa da na Badawa da yaransu ba sa iya mai da gaisuwa da harshen kakarsu. Mutumin da ya ga kasuwa ta tafi, harshe yana tafiya, in ya riƙe sarauta da takardar asali gam, ba ƙiyayya ba ce, abin da ya rage masa ne.

Mu fa, wace al'ada ce ta ɗaure mu? Mun shekara kusan 100 a gari, amma har yau in an ce “gida” zuciyarmu Kano take tafiya ko Katsina. Attajirinmu zai tara a Nguru ya je ya gina a garin da ba ya kwana goma a shekara. Maigida ba ya sakin jari sai ga ɗan garinsu, ko da yaron maƙwabcinsa Bamange ya fi riƙon amana. Wannan tsarin na fatake ne, lokacin da ake sauka a zango a yi wata uku a tashi, ya kuma yi amfani a zamaninsa, tun da babu banki babu kotun da za ta bi maka bashi a Gwanja. Amma mu yanzu ba a zango muke ba. Mu nawa ne a cikinmu za su iya ciniki da Badanci ko Manganci? Abin dariyar ma, masana harshe sun tabbatar Badanci da Ngizimanci dangin Hausa ne, tushensu ɗaya. Sarautun da muke taƙama da su a Kano da Zazzau, Galadima da Ciroma da Yarima, daga Barno aka aro su. Kakanninmu kuma gabas suke turo 'ya'yansu neman karatun allo tun kafin a san za a yi dogo. Wannan ma ai tarihi ne, sai dai shi ba a cika jawo shi ranar rabon gurbi ba.

Ni a nawa ɗan ganin, ba sai mun jira Abuja ta gyara tsarin mulki ba. Majalisar dokokin Yobe da ke Damaturu za ta iya fitar da ƙa'ida a rubuce, wadda kowa zai sani, cewa wanda aka haifa a nan kuma aka haifi ubansa a nan yana da haƙƙin takardar karatu da ta neman aiki, ba sai ya nemi alfarmar kowa ba. Sarauta kuwa a bar wa masu ita, babu Bahaushe mai hankali da ke neman gadon Mai Bade. A namu ɓangaren, sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su ne ya kamata su fara kai wannan magana fada, su je da abin hannunsu, ba ƙorafi kaɗai ba: su yarda a koyar da Badanci da Manganci a makarantun unguwanninmu, su sa yaran masu gari a rumfunansu, in an tashi gayyar yankan kacalla a ga matasan Hausari a cikin ruwa tare da kowa.

Zan so in ji ta bakin dattawanmu na Gashuwa musamman, waɗanda suka ga lokacin da ake lodin gyaɗa zuwa tashar Nguru, su faɗa mana yadda iyayensu suka yi da Mai Bade na wancan zamani har aka ba su wurin zama da sarautar Sarkin Hausawa.