Wannan bazday ɗin, mu kai shi Tulo-Tulo mana

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a jami'o'in Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa.

Ra'ayina shi ne, kuɗin da muke zubarwa a bikin zagayowar ranar haihuwa, wato bazday, gara mu haɗa su mu je mu taka hamadar da ke cikin ƙasarmu da ƙafarmu. Kowa ya san yadda abin ya koma a makarantunmu: ɗinki sabo, mai hoto, kek mai hawa biyu, gidan cin abinci, sai a cika status na kwana ɗaya. Washegari mutum ya dawo kan garin kwaki da sukari, wani ma da bashi a wuyansa har ƙarshen wata. Kuma mun san daga inda kuɗin nan suke fitowa. Wani babansa buhun gero ya sayar, wata mamarta adashi ta ɗauka.

Na san malamai sun yi magana a kan bikin kansa, kuma ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Wanda ba ya yi, Allah ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, tafiyar da nake magana a kai ba ta buƙatar kek. Wanda kuma yake yi, to aƙalla ya yi abin da zai bar masa wani abu a kai.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. A nan Kudu abokan karatunmu sun san wurarensu sosai. Ɗan Abeokuta zai kai ka Dutsen Olumo ya ba ka tarihin Egbawa tiryan-tiryan. 'Yan Ondo suna alfahari da duwatsun Idanre, ƙungiyoyin ɗalibai suna cika mota su tafi Erin Ijesha kallon ruwa. Amma a tambaye mu, "wai da gaske akwai hamada a wajenku?" sai mu yi dariya mu ce eh, daga nan maganar ta ƙare. Da yawanmu hamadar Dubai muka sani a TikTok, ba mu san ta Yobe ba.

To akwai ta. A ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, dab da iyakar Nijar, akwai Tulo-Tulo, wasu su ce Tulo-Tulowa. Tuddan rairayi ne manya-manya, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu dausayi inda dabino da goruba suke tsirowa, mutanen wurin suna noma suna haƙar kanwa. A yankin nan ne kuma dausayin Bulatura yake, wanda ɓangare ne na gandun ƙasa na Tafkin Chadi. Idan aka gangaro wajen Bade da Nguru akwai Dagona, inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su yi lokacin sanyi a fadamun wurin. Sannan a ƙauyen Dufuna na ƙaramar hukumar Fune ne wani Bafulatani makiyayi ya ci karo da wani kwalekwale a 1987 yana haƙar rijiya. Da aka auna shekarunsa aka samu ya kai wajen 8,000, shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka. Kwalekwale fa, a Yobe! Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wurin da yake bushe yau, ruwa ne a can da.

Ga dalilin da ya sa nake cewa hamada ta dace da ranar haihuwa. A wurin walima kai ne tauraro, kowa yana yabonka. A kan tudun rairayi kuwa ba kowa ba ne kai. Ka yi taku uku ka zame biyu, numfashi ya ƙare, cinya ta ɗau zafi, ka isa sama ka waiga ka ga iska ta fara share sawunka. Wanda ya ƙara shekara ɗaya a duniya, irin wannan wurin ne zai sa ya zauna ya yi wa kansa lissafi.

Kuma ba kallo kaɗai ba ne. Rairayin da muke son ɗaukar hoto a kai, shi ne yake cin gonaki yana binne dausayi da gidajen mutane. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin babbar ganuwar itatuwa, kuma jihohi 11 na Arewa ne ake lissafawa a sahun gaba na kwararowar hamada, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Mu ne muke karanta aikin gona, ilimin ƙasa, injiniyancin ruwa, tattalin arziki. Kunya ce a ce mun rubuta jarrabawa a kan zaizayar ƙasa da kwararowar hamada, amma ba mu taɓa zama da manomin da rairayi ya kora daga gonarsa ba. Gani ya kori ji.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Yobe ta sha wahalar rikicin Boko Haram, don haka ba wurin da za ka tashi ka faɗa ba ne don ka ga hoto. A fara tambayar 'yan jihar da ke cikinmu, su tuntuɓi gida su ji halin da hanya take ciki a wannan makon. Idan aka ce a dakata, a dakata. Babu hoton da ya kai ran mutum. Agadas ma tana can da hasumiyar masallacinta da duwatsun Azbin, amma a yanayin da ake ciki tun juyin mulkin 2023, ba zan ba ɗalibi shawarar ya nufi can ba.

Za a ce kuɗi. Mutum ɗaya kam ba zai iya ba, tunda sai da mota mai shiga rairayi da ɗan jagora. Amma mutum takwas ko goma da aka haifa a watanni kusa da juna, su yi adashi tun farkon zangon karatu, su ɗaga bikin zuwa hutu. Lokacin hunturu ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. A fita hawa bayan sallar asuba, domin da hantsi ya yi rairayi ba ya takuwa. A riƙe ruwa fiye da yadda ake zato, da rawani ko mayafi saboda ƙura, da rigar sanyi saboda dare. A fara gaida mai gari kafin a fito da waya, kada a ɗauki hoton matan mutane ba izini, kada a bar musu leda da robar ruwa. A sayi dabinonsu da kanwarsu, kuɗin ya zauna a garin. Iyaye su sani, 'yan uwanmu mata kuma a tsara da su yadda gida zai amince.

Wanda Yobe ta yi masa nisa ko hanya ba ta ba da dama ba, ya fara da na kusa. Kanawa nawa ne a cikinmu ba su taɓa hawa Dala ba? Zazzagawa nawa ne suka san Kufena daga nesa kawai?

'Yan Yusufari, Gashuwa, Nguru da Machina da ke nan, ƙwallo tana wajenku. Ku faɗa mana yadda hanya take da wanda za a nema, mu kuma mu fara tara kuɗin. Allah ya sa shekarun da muke ƙirgawa masu albarka ne, ya kai mu hutu lafiya.