Dandalin Littattafai: Wa Ya Gina Birnin Mayami?

A wannan wata littattafai biyu muka ɗauko, duka kan tarihin Mayami da gundumarta Mayami-Dade, a kudancin jihar Fulorida ta Amurka.

Na farko shi ne "Miami: The Magic City" na Arva Moore Parks, 1981. A ciki za a ga yadda sanyin 1894 zuwa 1895 ya ƙone gonakin lemu a jihar, amma bai kai Mayami ba. Ganin haka sai Julia Tuttle ta shawo kan attajiri Henry Flagler ya kawo layin dogo. Jirgi ya iso a 1896, shekarar da aka kafa birnin.

Na biyu, "Black Miami in the Twentieth Century" na Marvin Dunn, 1997, ya nuna mana leburorin. Baƙar fata ne suka sare daji, wasunsu daga tsibiran Bahamas. Aka keɓe su a unguwar Overtown. A shekarun 1960 kuma aka ratsa unguwar da babbar hanya, dubbai suka rasa muhalli.

Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya ji. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai wata mai zuwa.