Kafin jarrabawar kwamfuta, a ware kuɗin gyara

Tun da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Afrilun 2025 cewa WAEC da NECO za su koma jarrabawa ta kwamfuta baki ɗaya a 2026, ake ta ja-in-ja a kan rana. Majalisar wakilai ta nemi a ɗage zuwa 2030. Mu a wannan jarida ba ranar ce ta dame mu ba. Ko 2026 ko 2030, ɗalibin aji shida a Gwaram ko Illela ko Yunusari, wace kwamfuta zai taɓa da hannunsa kafin a zaunar da shi gabanta a ce masa makomarsa na ciki?

Kwamfutocin suna nan jibge. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati suna sauya na ofisoshinsu duk bayan 'yan shekaru. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, don haka za a jingine wasu da yawa alhali lafiyarsu lau. Makomar na gwamnati kuwa sananniya ce: sito, ƙura, daga bisani gwanjo a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Idan an yi sa'a wani kamfani ya ce ya ba da kyauta, sai a kafa rumfa, a ɗauki hoto da shugaban makaranta, a watse. A nan aikin yake mutuwa, domin tsohuwar kwamfuta ba ta tashi daga teburin banki ta faɗa ajin ɗalibai haka nan. Dole a goge bayanan da ke cikinta gogewar da ba za su dawo ba, in ba haka ba babu bankin da zai sake ta. Dole a sauya batir da faifan ajiya, a ƙara mata ƙwaƙwalwa, a ɗora manhaja, ko da irin Linux ce da ba a biya. Ga kuɗin dako, ga sola a garin da wuta ba ta zuwa, ga wanda zai dawo bayan wata shida idan allo ya ɗauke. Kowane ɗaya kuɗi ne, mai kyauta ba ya biya, makaranta ba ta da shi, kasafin gwamnati kuma bai san da zamansa ba. An ba mutum doki, an hana shi harawa. Shi ya sa ɗakin kwamfuta a makarantu da dama yake garƙame da kwaɗo, malamai na tsoron a buɗe wani abu ya lalace a ɗora musu.

Abin da muke nema a fili yake: a ware kuɗin gyara, da sunansa, a cikin kasafi. Kada a ce babu inda za a samo. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin NCC domin kai sadarwa inda kasuwa ba ta kai ba. Dokar NITDA ta 2007 ta sa aka shafe shekaru ana karɓar kashi 1 cikin ɗari na ribar bankuna da kamfanonin sadarwa da sunan bunƙasa fasaha. Nawa ne daga ciki ya taɓa shiga aljihun mai gyara? Kwangilar sayen sababbi ita ce mai farin jini a Abuja, kuma kowa ya san dalili.

Masu gyaran ma ba sai an je nemansu waje ba. Duk wanda ya shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ya ga matasan da ke tayar da na'urar da mai ita ya fid da rai. A tantance su, a ba su kwangila bisa ƙa'ida, a biya su a kan kowace kwamfutar da ta tashi ta isa aji.

Masu cewa wannan hanya ce ta mayar da makarantun talakawa juji suna da abin kamawa, domin binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano ana shigo da tan dubu 60 na tsofaffin kayan lantarki Najeriya a shekara a 2015 da 2016, fiye da tan dubu 15 daga ciki matattu ne. Amma wannan hujja tamu ce. Kyautar da babu kuɗin gwaji da gyara a bayanta ita ce take zama juji, kuma muna magana ne kan kayan da suka riga suka shigo, suke ajiye a ofisoshinmu. Faransa ta yi doka a 2021 da ta wajabta wa hukumominta miƙa kwamfutocin da ke aiki a sake amfani da su. Mu me ya hana?

Mun gaji da ganin fim ɗin nan. Mun tuna da kwamfutocin yara da aka kai firamaren Galadima a Abuja a 2007 da ɗoki, aka yi shiru. Mun ga kwamfutocin hannu na ɗalibai, Opon Imo, na jihar Osun a 2013. JAMB, da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ta amsa a watan Mayun 2025 cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan dubu 380. A watan na Mayu ne kuma yaranmu suka rubuta Ingilishin WAEC cikin dare da tocila. Waɗannan hukumomi ne ke so iyaye su amince komai zai daidaita.

A dakatar da gwanjon kwamfutocin gwamnati har sai an tantance masu tashi. Gwamnonin Arewa, waɗanda yaransu ne za su fi faɗuwa, su fara da sitocin sakatariyoyinsu. Majalisar da ta nemi ɗagewa kuma ta sani cewa kasafi ta hannunta yake bi: ta sa kuɗin gyara a ciki, ta buga sunan kowace makarantar da ta karɓa da adadin da ke aiki bayan shekara guda.