Wanda Ya Riƙe Baƙo, Ya Tuna Da Nasa A Waje

Jama'a, a Fabrairun 2024 jami'an Binance biyu suka zo Abuja ganawa da gwamnati, sai aka ƙwace fasfonsu, aka hana su fita tun kafin a gurfanar da su. Ɗayansu, Tigran Gambaryan, wata takwas ya yi a tsare, daga ƙarshe aka janye tuhumar.

Masu yi wa wannan tafi, ku dakata! 'Ya'yan Dandume nawa ke Saudiyya da Libiya suna neman halaliyarsu? Ran da aka riƙe fasfon ƙaninka a Jidda, da wane baki za ka yi ƙorafi?

In baƙo ya yi laifi, a kai shi kotu, a ji ta bakinsa. 'Yan majalisarmu, ku taka wa wannan iko birki.

Allah Ya sa mu gane.