Ruwan burtsatse da haƙoran jarirai: gwajin da ake mantawa a Keffi

A 2025 jihohin Utah da Florida a Amurka sun hana zuba sinadarin fuloraid a ruwan famfo. Can gardamar ta ƙarawa ce. A nan kuwa, sinadarin daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa cikin ruwa, ba tare da wani ya zuba ba.

Wannan ya shafi dubban ma'aikatan tarayya da tsadar haya ta tura Mararaba, Masaka har zuwa Keffi, inda gidaje da dama suka dogara da rijiyar burtsatse. Fuloraid kaɗan yana kare haƙori daga ruɓewa. Idan ya yi yawa a lokacin da haƙoran dindindin ke ginuwa cikin dasashi, wato daga jarirantaka zuwa kimanin shekara 8, sai su fito da farin tabo ko ruwan ƙasa wanda gogewa ba ta fitarwa. An daɗe ana ganin haka a Langtang ta Jihar Filato da Kaltungo ta Gombe.

Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya sun tsayar da iyaka a miligiram 1.5 cikin lita guda. Sai dai sinadarin ba ya sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa, kuma rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta. Gwaji ne kaɗai ke nunawa.

Jariri ya fi kowa shiga haɗari. Nonon uwa kusan ba ya ɗauke da fuloraid, amma hutun haihuwar ma'aikaciyar tarayya bai kai wata shida ba, don haka da yawa kan koma ga madarar gwangwani da ake damawa da ruwan gida. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire sinadarin. Ƙara masa ƙarfi ma take yi.

Mafita ba ta da tsada. Gwamnatin Nasarawa ta wajabta gwajin fuloraid kafin a fara shan ruwan sabuwar rijiya, ta haɗa kai da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen auna waɗanda ake da su. Iyaye kuma su nemi sakamakon gwaji daga mai gida, kuma man goge bakin yaron da bai kai shekara 3 ba kada ya wuce girman ƙwayar shinkafa. Rigakafi ya fi magani, musamman ga tabon da yaro zai girma da shi.