Bayan Kyamara: Me Ke Dusar Da Fuskar Jaruma?

Jama'a, kun taɓa lura a wasu finafinanmu, ana tsaka da waƙa da yamma, da mai kyamara ya zuƙo jaruma sai fuskarta ta dushe? Kar ku zargi mai kwalliya, aikin gilashin kyamara ne, wato lens. Ƙaramin nan 18-55mm da ake haɗowa da kyamara, ƙofar haskensa f/3.5 ce a 18, amma da ka murza zuwa 55 sai ta koma f/5.6, hasken ya ragu fiye da rabi. Shi ko 24-70mm f/2.8, duk inda ka murza, haskensa ɗaya ne. Sai dai tsada, ga nauyi! In aljihu bai kai ba, ɗan'uwa, saita f/5.6 tun farko, ka ƙaro fitila.